Canjin Tunani Shi Ne Uwar Arziki

Yau hirarmu a kan abin da ke sa arzikin ƙasa ya bunƙasa ne. Wasu kan ce injuna ne, wasu su ce titi ne. To, amma masana tarihi da dama sun ce kafin masana'antu su cika Ingila wajen shekarar 1800, sai da mutanenta suka rungumi karatu da rubuta lissafin ciniki, suka kuma daina raina mai sana'ar hannu.

Ba sai mun je nesa ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suke so a noma musu. Amma manomanmu suka auna, suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma in ciniki ya ƙi, a ci a gida. Fataken goro, waɗanda suka saba da ba da bashi a kan amana, suka juya suka shiga sayen gyaɗa daga 1912. Alhaji Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka bi wannan hanya. A zamanin ne kuma mutane suka saki wuri suka karɓi sulalla. Da layin dogo ya kai Nguru a 1930, ya ratsa ta Malam Madori, sai ƙasar Haɗejiya ta shiga harkar. Dalar gyaɗa ta Kano kuwa, hannun mata ne ya ɓare mai yawa daga cikinta, a tsakar gida.

Kin ga ke nan, jirgi hanya kawai ya buɗe. Yarda da sabon abu, da riƙon amana, da lissafi, su suka kawo kuɗin.

Yanzu ke da ke Guri, kina turara shinkafar fadama ko kina soya ƙuli-ƙuli, kin san nawa ne uwar kuɗinki, nawa ne ribarki? Ware su daban, kada cefane da biki su cinye jari. In kin ɗauki adashi, ƙara buhu kafin ki ƙara kwano a jere. 'Yarki kuma, kada talla ta hana ta makaranta. Ita ce gobe za ta rubuta miki bashin da ke hannun mutane. Kulle bai hana wannan ba.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida maigida da yara.