Gida kusa da tasha: Tambayar da ba a cika yi wa mutanen Goronyo, Wurno da Rabah ba

A watan Satumban 2010, kogin Rima ya cika ya tumbatsa, ruwa ya cinye gonaki da gidaje a ƙauyukan da ke ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo. Bayan lafawar ambaliyar, gwamnatin Aliyu Magatakarda Wamakko ta gina wa waɗanda abin ya shafa gidaje a Goronyo da Gada da Silame.

Tun daga lokacin buƙatar matsuguni a gabashin Sakkwato ƙaruwa take yi. Harin 'yan bindiga a Tabanni cikin Yulin 2018 ya kori dubban mutane zuwa garin Gandi a ƙaramar hukumar Rabah, kuma hare-haren da suka biyo baya sun ci gaba da tura mutanen ƙauye cikin manyan garuruwa.

Idan ana maganar yi wa irin waɗannan mutane gida, yawanci lissafin siminti da kwano ake yi. Ba a cika tsayawa kan inda za a kafa gidan ba, alhali nan ne gizo ke saƙa.

Jirgin ƙasa bai taɓa isowa wannan yanki ba, domin layin dogo a Ƙauran Namoda ya tsaya. Tashar mota ce komai. Daga nan albasa da tafarnuwa da shinkafar fadamar Wurno ke kama hanyar Achida zuwa Sakkwato. A nan ɗan dako da mai shayi da ɗan acaɓa da yarinya mai tallar fura ke samun na cefane. Manomin da ya rasa gonarsa, in aka ba shi ɗaki a bayan gari nesa da tasha, abin da ya huta biya na haya shi zai riƙa miƙa wa mai babur kullum, ga fargabar hanya in rana ta faɗi.

An taɓa irin wannan ja-in-ja a Amurka. A 1991 hukumar jiragen ƙasa ta BART ta shirya gina katafaren wurin ajiye motoci a gefen tashar Fruitvale da ke birnin Oakland. Mazauna unguwar, ƙarƙashin ƙungiyarsu Unity Council, suka ce ba su yarda ba. Aka shafe shekaru ana zama da su, har a 2004 aka buɗe rukunin gidaje 47 a filin, goma daga ciki na masu ƙaramin ƙarfi, tare da asibiti da ɗakin karatu da shaguna. Gidajen ba su da yawa, amma mutanen unguwa ne suka faɗi abin da suke so a bakin tasharsu.

Ba sai an je nesa neman hanyar yin haka ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da fili a yankunan karkara, wato shugaban ƙaramar hukuma na iya keɓe filayen da ke kusa da tasha kafin dillalai su riga shi. Hakimi da dagaci sun san wanda ya yi gudun hijira da gaske. 'Yan ƙungiyar direbobi ta NURTW sun san inda mota ke iya shiga da damina. Mata kuwa su suka san nisan rijiya, kuma su ne ba a cika kira taro ba.

Gayya da adashi ma suna nan: jama'a su buga tubali su tayar da bango, hukuma ta ɗauki nauyin fili da magudanar ruwa da rufi.

Wurno kanta ta san wannan aiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ta ne a matsayin ribaɗi, ya zaunar da jama'a kusa da fadama da ganuwa a zamanin da tsaro ya yi wuya, kuma a can aka binne shi a 1837.