Tuƙa jirgin fasinja daga cikin ɗaki: ka saita sanda kafin ka kashe kuɗi

Ƙarfe goma na dare ta wuce, unguwa ta yi tsit, ni da ɗan ƙanwata muna zaune gaban kwamfuta. A allo, jirgin Airbus A320 ne tsaye a bakin titin tashi na filin jirgin saman Accra, fitilu a kunne, injina biyu suna ruri. Na tura totur gaba. Jirgi ya ɗau gudu, sai ya karkata hagu, na dawo da shi dama, ya sake komawa hagu, kafin mu farga mun bar kwalta mun faɗa ciyawa. Karo na huɗu ke nan a daren.

"Kawu, wannan jirgin fa kamar ya sha wani abu," in ji yaron.

Na yi dariya, amma raina a ɓace yake. Na riga na ɗora laifin a kan sandar tuƙi ta gwanjo da na saya, har na fara lissafin yadda zan cire kusan rabin albashin wata in yi odar sabuwa. Allah ya taimake ni ban yi ba. Bayan kwana biyu na gano cewa hannun wasan ƙwallo na yaron, wanda muka manta a maƙale jikin kwamfutar, shi ma yana ba jirgin umarni a ɓoye. Direba biyu muka sa a mota ɗaya. Da na zare shi, jirgi ya miƙe sambal.

Tun daga ranar na lura cewa yawancin masu fara wannan harka a gida suna yin asara ne a wuri ɗaya: suna sayen kaya kafin su koyi saita wanda ke hannunsu.

Mene ne abin, kuma wanne ya dace da mu?

Similata, wato na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, ta girmi kwamfuta. A 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙera wani akwati mai motsi da aka horar da ɗimbin matuƙa a cikinsa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ta gida kuwa, Microsoft Flight Simulator ta fito tun 1982. Wadda kamfanin Asobo na birnin Bordeaux a Faransa ya haɗa a 2020 tana jawo hotunan tauraron ɗan'adam ta intanet, shi ya sa za ka tashi daga Kumasi ka ga tafkin Bosomtwi daidai inda yake. Wata sabuwa ta biyo baya a Nuwambar 2024. Akwai X-Plane ta Austin Meyer, wadda ke lissafa yadda iska ke bugun kowane yanki na fiffike. Sai FlightGear, wadda kyauta ce baki ɗaya.

A wurinmu, data da wutar lantarki su ke yanke hukunci. Ta 2020 tana son fili kusan gigabait 150 a kwamfuta, ta 2024 kuma ta fi dogara da intanet mai ƙarfi a duk lokacin da kake sama. X-Plane tana ajiye ƙasa da filayen jirgi a cikin kwamfutarka, kuma tana da ta gwaji kyauta, don haka kana iya ganin ko na'urarka za ta ɗauka kafin ka biya ko kwabo. Idan kuma kwamfutar tebur gare ka, ka nemi UPS. Wanda aka ɗauke wa wuta saura minti uku ya sauka, bayan awa guda yana tuƙi, ya san abin da nake nufi.

Kayan hannu

Abu uku ne matuƙi ke taɓawa: sanda ko sitiyari na ɗaga hanci da karkata jirgi, totur na ƙarfin inji, da fedar ƙafa mai juya jelar jirgi. A kasuwa akwai masu tsada kamar sitiyarin Honeycomb Alpha, ko sandar Thrustmaster TCA da aka ƙera da siffar ta Airbus. Akwai kuma masu sauƙi kamar Logitech Extreme 3D Pro, wadda ta haɗa ukun a jiki ɗaya: ka tura ta gaba da baya, ka murɗa ta a madadin feda, ga ɗan totur a gindinta. Irin wannan ta isa mai farawa ya yi shekara yana koyo.

Abin lura wajen sayen ta gwanjo shi ne abin da ke cikinta. Wasu sandunan suna auna motsi da wani abu mai kama da maɓallin ƙara sautin rediyo, wanda ke cinyewa da tsufa ya fara rawa. Wasu kuma da maganaɗisu suke aunawa, babu gogayya, sun fi daɗewa. Kafin ka biya, ka sa a haɗa ta da kwamfuta, ka rubuta joy.cpl a wurin bincike na Windows. Wani ɗan akwati zai buɗe mai alamar giciye. Ka saki sandar. Idan alamar ta tsaya cak a tsakiya, lafiya lau. Idan tana ɗan kaɗawa kaɗan, saiti zai gyara. Idan tana tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, ka riƙe kuɗinka.

Saitin da ke raba gardama

Na farko, ka zare duk abin da ba ka amfani da shi, sannan ka shiga shafin saiti ka duba kowane umarni ɗaya bayan ɗaya. Manhajar takan raba wa na'urori ayyuka da kanta, kuma sau da yawa takan ba na'ura biyu aiki ɗaya. Ciwon da ya kama ni ke nan.

Na biyu, ka bambanta layin motsi da maɓalli. Totur da sanda a hankali suke tafiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, don haka umarnin layin motsi ake ba su. Idan ka yi kuskure ka ɗaura totur a kan umarnin "ƙara" ko "rage", wanda na maɓalli ne, inji zai riƙa tafiya ko dai a kashe ko a ƙure. Haka nan ka duba ko layin ya juye. Akwai wanda zai tura totur gaba inji ya yi shiru, ya ja baya jirgi ya zabura. Ɗan akwati ɗaya ake dannawa a juya shi.

Na uku, tazarar shiru. Wannan ɗan fili ne da kake ware wa tsakiyar sanda, inda manhaja ba za ta kula da ƙaramin motsi ba. Shi ke kashe rawar tsohuwar sanda. Ni kashi biyar cikin ɗari na sa wa murɗin jela, ya ishe ni. Kada ka cika shi, in ba haka ba za ka motsa hannu jirgi ya yi biris da kai, sannan ya fizge gaba ɗaya.

Na huɗu, kaifin ji. Sitiyarin jirgin gaske yana da doguwar tafiya da nauyi a hannu, taka sandar kuwa 'yan santimita kaɗan take motsi, kuma yaro ma zai iya ƙure ta da yatsa biyu. Ka rage kaifin a tsakiya yadda ƙaramin motsi zai ba da ƙaramin sakamako. Daga nan ka kashe taimakon da manhaja ke yi maka a ɓoye, musamman na juya jela, don kada ku riƙa ja-in-ja da ita. In ka gama, ka ajiye saitin da sunan jirgin, domin na Airbus ba zai yi wa Boeing ba.

Airbus daban, Boeing daban

Boeing 737, wanda ya fara tashi a 1967, sitiyari gare shi, kuma matuƙi ne ke daidaita nauyin hanci da kansa duk lokacin da gudu ya canja. Don haka dole ka ware maɓalli biyu a ƙarƙashin babban yatsanka don wannan aiki. Idan kuma na'ura ce ke riƙe da gudu, za ka ga hannun totur yana motsi shi kaɗai.

A320, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 1988, da sanda a gefen matuƙi ake tuƙa shi, kuma umarnin yana bi ta kwamfuta kafin ya kai fiffike. Ka ɗora hanci inda kake so ka saki, jirgin zai riƙe. Mai sabon hannu yakan yi ta jujjuya sanda, alhali jirgin so yake a bar shi.

Totur ɗinsa ne ya fi rikita mutane. Ba ya motsi da kansa. Yana da matsayai da hannu ke faɗawa ciki: IDLE na hutun inji, CL na hawa, FLX/MCT, sai TOGA na ƙure ƙarfi. Da FLX ko TOGA ake tashi. Idan an kai kimanin ƙafa 1,500 sama da ƙasa, rubutun LVR CLB zai fara walƙiya a allo, sai ka ja hannun zuwa CL ka bar shi nan. Kwamfuta ce za ta riƙa ƙara wa inji wuta tana ragewa har zuwa sauka. Saura kamar ƙafa 20 a taɓa ƙasa, murya za ta ce "Retard", ma'ana ka ja totur baya zuwa IDLE.

Totur na gida mai araha ba shi da waɗannan matsayai, sumul yake tafiya. Shi ya sa masu A32NX, jirgin kyauta da ƙungiyar FlyByWire ta haɗa, suka sa shafin saita totur a cikin allon hannu da ke gefen kujerar matuƙi. Kana nuna masa inda kowane matsayi yake a naka totur ɗin. Ni har farin tef na manna na ja layi da biro a daidai CL.

Wannan layin ba abin wasa ba ne. Ranar 17 ga Yulin 2007, wani A320 na kamfanin TAM ya sauka cikin ruwan sama a filin Congonhas na birnin Sao Paulo a Brazil. Bincike ya nuna an ja hannun totur ɗaya baya, ɗayan kuma ya zauna a CL. Inji ɗaya yana birki, ɗaya yana tura jirgi gaba. Jirgin ya zarce titi ya daki gini, mutum 199 suka rasu. Da na karanta wa ɗan ƙanwata labarin, ya daina dariya idan muryar nan ta yi magana.

Daga Accra zuwa Tamale

Tafiyar da na fi so ita ce Accra zuwa Tamale, kimanin awa guda. A harshen matuƙa DGAA ne zuwa DGLE. Shafin SimBrief yana tsara hanya da yawan mai kyauta, kai kuma ka shigar da su a kwamfutar jirgi. Kafin ka motsa sai ka san gudu uku: V1, wanda in an wuce shi babu sauran fasa tashi, VR, inda ake ɗaga hanci a hankali, da V2, gudun hawa lafiya ko da inji ɗaya ya mutu.

Saukowa ita ce ke bambanta wanda ya iya da wanda ke kallo, kuma lissafin firamare ne. Duk ƙafa 1,000 da za ka sauko tana cin mil uku na teku. Idan kana ƙafa 24,000, ka fara gangarowa saura mil 72, ka ƙara kamar goma na rage gudu. A gangaren ƙarshe, mai digiri uku, ka ninka gudunka sau biyar: not 140, wato kusan kilomita 260 a awa, yana son saukar ƙafa 700 a minti. Na taɓa kai wannan lissafi aji a darasin gudu da nisa da lokaci, yaran da ke gyangyaɗi a baya su suka riga kowa ɗaga hannu.

In hannunka ya faɗa, ka rage nisan gani kamar na hazon watan Janairu, ka bi na'urar ILS a filin da ke da ita, kamar na Accra, wadda ke nuna maka tsakiyar titi da gangare ko ba ka ganin komai ta taga. Daga nan sai VATSIM, inda 'yan sa-kai ke zama a matsayin jami'an hasumiya suna ba ka izini da murya, cikin Turancin jirgi. Ranar farko bakina har rawa yake yi.

Inda abin ya tsaya

Yaron nan yanzu cewa yake yi matuƙi zai zama, mahaifiyarsa kuma ta tambaye ni: "Yaya, wannan abin naku zai kai shi?" Na gaya mata gaskiya. Awannin da aka yi a kwamfutar gida ba a ƙirga su wajen ba da lasisi. Similatar da kamfanonin jirage ke gwada matuƙansu a ciki ɗaki ce guda mai motsi a kan ƙafafun ƙarfe, kuɗinta miliyoyin daloli. Kujerar gida ba ta koya wa jiki nauyin jirgi, ba ta kuma koya tsoro. Makarantar tuƙi, gwajin lafiya da kuɗi masu yawa suna nan suna jiransa.

Abin da take koyarwa shi ne lissafi, Turanci, karatun taswira, da bin takardar dubawa layi bayan layi ko da ka haddace ta. Mun yi yarjejeniya da shi: ba ya taɓa totur sai ya gama aikin makaranta, kuma sai ya buɗe shafin saiti ya motsa kowane hannu ya ga ya amsa daidai, kamar yadda matuƙan gaske ke gwada sanda da feda kafin su hau titi. Sandar gwanjon nan dai har yau ita muke amfani da ita. Makon jiya ya sauke mu a Tamale, tayoyi a kan layin tsakiya.