Jinyar kaza a Samaru Kataf: Warkar da miki da sauƙi, komawa akurki ne aiki

A gidajen Samaru Kataf da ke ƙaramar hukumar Zangon Kataf a kudancin Kaduna, kazar gida asusu ce mai fuka-fuki. Ita ake kamawa a sayar idan an koro yaro kan kuɗin makaranta, ita ake yanka wa baƙo, kuma ita ake tattali har watan Disamba, lokacin da farashi ke tashi saboda Kirsimeti. Shi ya sa ranar da shirwa ta kai wa kaza sura ta kuɓuce, ko kare ya yage mata baya, uwargida kan tsaya tsakanin zaɓi biyu: wuƙa ko jinya.

Kafin yanke hukunci, wajibi ne a tabbatar rauni ne ba cuta ba. Kazar da ke gyangyaɗi, tana koren zawo ko wuyanta ya murɗe, na iya ɗauke da cutar Niyukasal mai ƙarar da akurki a lokacin hunturu. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa allurar rigakafinta. Jihar Kaduna ba ta manta da 2006 ba, shekarar da aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Najeriya a wata gona da ke Jaji. Irin wannan kaza ta likitan dabbobi ce, ba ta tukunya ba.

Idan kuwa miki ne, matakin farko shi ne raba ta da 'yan uwanta nan take, domin kaji ba sa ganin jini su ƙyale. Za su yi ta caccakar wurin har su kashe ta. Sai a danne mikin da tsumma mai tsabta har jinin ya tsaya, a rage gashin da ke kewaye, a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, sannan a shafa aidin ko jibi. Shuɗin jibi yana da ƙarin amfani, don yana ɓoye jan da ke jawo caccaka. Baƙin mai da kalanzir da wasu ke zubawa ƙona nama suke yi. A kife ta da kwando a inuwa, nesa da ƙudan da ke haifar da tsutsa, a ajiye mata ruwa da tsaki. Karayar ƙafa kan buƙaci ɗori da siririn kara na mako biyu zuwa uku. Duk kazar da aka ba maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba a cin ƙwanta ko namanta sai wa'adin da aka rubuta a jikin maganin ya cika.

Inda aka fi yin asara shi ne ranar mayar da ita. Kaji na da girma-girma a tsakaninsu, kowace ta san wadda take tsoro da wadda take kora. Wadda ta yi makonni a ware ta rasa matsayinta, sai a tarbe ta kamar baƙuwa. Dabarar ita ce a jira mikin ya rufe sarai, sannan a kawo kwandon tsakar gida na kwana biyu ko uku, suna ganin juna ba taɓawa. Daga nan a saka ta cikin akurki da daddare bayan sun kwanta, da safe kuma a watsa tsaba wuri biyu ko uku don kada a hana ta ci. Ɗan gumurzu ba laifi ba ne, amma da an ga jini sai a sake ɗauke ta.

Garin na da tsangayar fasahar aikin gona ta kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, don haka masu ba da shawara ba su yi nisa ba. Sabo da kaza dai ba ya hana yanka, amma kazar da ta tsira a yau, idan ta kwanta kan ƙwai kwana 21, tana iya cika gidan da 'yan tsaki.