Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Dabarun Tunkarar Jarrabawar Ƙwarewa ga Masu Ba da Shawara kan Shaye-shaye a Tambuwal da Kebbe

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ma'aikacin lafiya ko malami daga Tambuwal da Kebbe zai yi amfani da makon ƙarshe da ranar jarrabawar ICAP. Ta nuna cewa babban cikas shi ne giɓin da ke tsakanin Ingilishin jarrabawa da Hausar da ake aiki da ita, sai kuma saɓanin al'ada da ƙa'idar sana'a.

1.0 Gabatarwa

Rahoton shekarar 2018 na binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNODC ya nuna cewa mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Tambuwal na kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, Kebbe kuma na can ƙuryar kudu, iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware, arewa da birnin Sakkwato. Saboda wannan nisa, ƙwararren mai ba da shawara guda ɗaya a yankin yana iya zama matakin farko na ceton matasa da dama, faɗuwarsa jarrabawa kuwa asara ce ga al'umma.

2.0 Yanayin Jarrabawar

ICAP takardar shaida ce ta ƙasa da ƙasa da ta faro a ƙarƙashin ƙungiyar Colombo Plan, wadda aka gina a kan manhajar UTC. Matakin farko na manhajar ya ƙunshi darussa takwas: tasirin ƙwaya a jiki, matakan jinya, cututtukan da ke tafiya tare da shaye-shaye, dabarun ba da shawara, tantancewa da tsara magani, bibiyar majinyaci, ɗaukin gaggawa, da ladubban sana'a. Tambayoyin na zaɓi ne, kuma da yawansu labarin majinyaci suke kawowa su nemi hukunci. Hadda kaɗai ba ta wadatarwa.

3.0 Giɓin Harshe da Al'ada

Bahaushe yakan tattara komai a ƙarƙashin kalmar "shaye-shaye", ya kira mai yi "ɗan ƙwaya". Jarrabawar kuwa rarrabewa take yi. Akwai sabon jiki, inda mutum ke buƙatar ƙarin adadi kafin ya ji abin da ya saba ji. Akwai ciwon yankewa, wanda ke tasowa idan an daina sha. Akwai kuma komawa gidan jiya bayan an bari. Littafin DSM-5 na 2013 ya jera alamomi 11: biyu zuwa uku matsala ce mai sauƙi, huɗu zuwa biyar matsakaiciya, shida zuwa sama mai tsanani. Wanda bai raba waɗannan a Hausarsa ba, zai cakuɗa su a Ingilishi.

Saɓanin al'ada ya fi wannan zurfi. A ce uba ya zo yana neman sanin abin da ɗansa baligi ya faɗa a ɗakin shawara. Tarbiyyar Bahaushe za ta ce uba ba a ɓoye masa. Ƙa'idar sana'a kuwa ta hana fitar da sirri sai da yardar majinyaci, in ba rai ne ke cikin haɗari ko doka ta tilasta ba. Haka nan wa'azi da faɗa, waɗanda aka saba da su, ba su ne amsa ba. Tsarin zaburarwa ta hira da William Miller ya gabatar a 1983 ya ginu ne a kan sauraro da barin majinyaci ya furta dalilinsa na canji da bakinsa.

4.0 Makon Ƙarshe

Wannan mako ba na buɗe sabon littafi ba ne. Binciken Roediger da Karpicke na 2006 ya tabbatar da cewa gwada kai ya fi maimaita karatu kafa ilimi a ƙwaƙwalwa. Don haka ɗalibi ya rufe littafi, ya zayyano matakan canji biyar na Prochaska da DiClemente da ka, ya bayyana wa abokinsa kowanne da Hausa, sannan ya mayar da shi Ingilishi. Inda harshe ya sarƙe, nan raunin yake. Wanda zai taso daga Kebbe ya isa garin da cibiyar take tun ana jibi, domin tafiyar dare a hanyoyin yankin ba abin so ba ce. Daren jarrabawa na barci ne. Abin kunya ne mai shirin yaƙi da ƙwaya ya nemi abin hana barci.

5.0 Ranar Jarrabawa

Da farko ya raba mintocin da aka bayar da yawan tambayoyi, ya san rabon kowace. Ya fara da waɗanda ya sani, ya yi wa masu wuya alama. Sai ya lura da kalmomin da ke juya tambaya: "da farko", "mafi dacewa" da "ban da".

Misali, an kawo saurayi a sume bayan ya sha tiramadol, numfashinsa na ja da baya. Zaɓuɓɓukan su ne yi masa nasiha, kiran iyayensa, cike takardar tantancewa, ko garzayawa da shi asibiti. Dukansu suna da muhalli, amma tambayar abin da za a fara yi take nema, kuma rai ke gaba da komai. Idan amsoshi biyu suka yi kama, ya zaɓi wadda ta fi kare lafiya da sirri da 'yancin majinyaci. Kada ya sauya amsa sai da hujja.

6.0 Kammalawa

An ga cewa nasara ta rataya ne a kan tsara lokaci, da rarrabe ma'anoni, da sanin inda al'ada ta rabu da ƙa'ida. Akwai aiki a gaban sassan Hausa na jami'o'i, musamman Jami'ar Usmanu Danfodiyo: samar da daidaitattun kalmomin wannan fanni, domin abin da aka ci jarrabawa da shi ya isa kunnen majinyaci a Tambuwal da Kebbe.