Ɗan Manomi da Karatun Jami'a: Nazari a kan Ɗawainiyar Ɗalibi a Ƙasar Zauro

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba abin da karatun jami'a yake ci wa ɗalibin da ya fito daga garuruwan fadamar gulbin Rima, musamman Zauro da ƙauyukan da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. An saba cewa ba a biyan kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya. Maganar gaskiya ce, amma ba ta cika ba, domin kuwa akwai ɗawainiya iri uku da ke kan ɗalibi, watau ta rajista, da ta zaman makaranta, da ta lokaci. Za a bi su ɗaya bayan ɗaya.

2.0 Yadda Jami'a ta Matso Kusa

Kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, jami'a mafi kusa ga ɗan Zauro ita ce ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, aka kuma sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. A 2006 gwamnatin jiha ta kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero. A 2013 kuma gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tare da takwarorinta na Gusau da Gashuwa, harabarta kuwa tana wajen Kalgo. Ban da waɗannan, ga Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu.

Shiga jami'ar tarayya ta hannun hukumar JAMB ake yi, wadda aka kafa a 1978. Ƙa'idar rabon gurabe ita ce kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki, kashi 35 ga 'yan yankin da jami'a take, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimin zamani, Kebbi kuwa tana cikinsu. Ke nan ɗan Zauro yana da ƙofa fiye da ɗaya. Matsalarsa ba ta samun gurbi ba ce kaɗai, har da ta riƙe shi tsawon shekara huɗu, ko biyar ga mai karatun aikin gona ko injiniyanci.

3.0 Ɗawainiyar Rajista da ta Zama

Ko da yake ba a karɓar kuɗin koyarwa, ɗalibi yana biyan na jarrabawa, da laburare, da asibiti, da ɗakin gwaje-gwaje, kuma a dunƙule ake nemansu a farkon shekarar karatu. Dalili shi ne gwamnati albashin ma'aikata take biya, asusun TETFund kuma, bisa dokarsa ta 2011, gine-gine da horar da malamai da bincike yake ɗauka. Wuta da ruwa da man janareta kuwa, galibi daga abin da ɗalibai suka biya ake cike giɓinsu.

Ɗawainiyar zama ta fi wannan nauyi, kuma ba sabuwar matsala ba ce. A 1978 ƙarin kwabo 50 a kan kuɗin abinci na yini ya tayar da tarzomar ɗalibai da aka yi wa laƙabi da sunan Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya a lokacin, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Daga baya, cikin shekarun 1980, aka daina ciyar da ɗalibai da rangwame. A yau ɗalibi shi ke zuwa da garinsa da shinkafarsa da risho. In bai sami gado a ɗakin kwanan makaranta ba, sai ya kama haya, ko kuma ya riƙa zuwa daga gida. Wanda ya zaɓi zuwa daga Zauro sai ya ratsa Birnin Kebbi kafin ya kai Kalgo, safe da yamma, kuɗin mota kuwa ya yi tsalle tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023.

4.0 Ɗawainiyar Lokaci

Wannan ita ce ba a faye lissafawa ba. Gidan manomin fadama ba ya samun kuɗi wata-wata. Sau biyu suke shigowa, bayan girbin shinkafar damina da bayan na rani. Idan lokacin rajista ya faɗo kafin girbi, uba zai sayar da akuya ko ya ci bashi. Idan ya faɗo daidai kaka, zai sayar da shinkafa sa'ad da ta fi araha. In kuwa ruwa ya ci gona, kamar ambaliyar 2020, shekarar karatu ta tafi tare da amfanin.

Daɗin daɗawa, yajin aiki yana karkatar da kalandar karatu. Na ƙungiyar ASUU a 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mai gidan haya bai rage ko sisi ba, ɗalibi kuma ya ƙara shekara kafin ya fara tallafa wa gida. Haka nan kowane wata da saurayi ya yi a aji, hannu ɗaya ne ya ragu a wajen dashe da ban ruwa.

5.0 Shawarwari

Dokar bashin ɗalibai ta 2024 ta kafa asusun NELFUND, wanda ke biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makaranta, ya kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata, ba tare da kuɗin ruwa ba. Ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Wannan ya rage nauyi na farko da wani ɓangare na biyu, amma ta intanet ake nema, saboda haka ya kamata a kai bayaninsa makarantun sakandare na ƙauye cikin harshen Hausa.

Na biyu, hukumomin jami'a su yarda a biya rajista kashi biyu, a daidaita da girbin damina da na rani. Na uku, a fifita gina ɗakunan kwana, musamman na mata, domin iyaye da yawa ba za su bar 'yarsu ta zauna gidan haya ba, kuma a nan karatunta yake tsayawa.

6.0 Kammalawa

Kusanto da jami'a ya gajarta tafiya, bai sauke kaya ba. Masu iya magana sun ce ilimi gishirin zaman duniya, to amma gishiri ma sai da kuɗi ake sayensa. Ya rage ga malamai da masu tsara kalandar karatu su tuna cewa aljihun mafi yawan ɗalibansu da ruwan gulbi yake cika, da shi kuma yake ƙafewa. Allah ya sa mu dace.