Asalin Masara: Daga Ciyawar Daji Zuwa Rumbu

Manoma, ga tambaya: wa ya taɓa ganin masarar daji? Gero yana da shibra, wadda ke fitowa a gona ba wanda ya shuka ta, ta kakkaɓe tsabarta ƙasa tun kafin girbi. Dawa ma tana da dangi a jeji. Amma ko ka bi daji tun daga Funtuwa har Malumfashi, ba za ka iske masara tana zaman kanta ba.

Dalili na farko, baƙuwa ce. Asalinta ƙasar Meksiko, kudu da Amurka. A can akwai wata ciyawa da a ke kira teyosinte, mai rassa da yawa, wadda ɗan goyonta bai fi yatsa ba. Ƙwaya biyar zuwa 12 kaɗai ya ke ɗauke da su, kowace cikin ɓawo mai tauri kamar tsakuwa, in sun nuna sai su zube. Kimanin shekara 9,000 da suka wuce, mutanen kwarin kogin Balsas suka fara shuka ta. Kowace kaka su kan ware wadda ƙwayarta ta fi laushi, ba ta kuma zubewa, su ajiye iri. A hankali rassa suka ragu, kara ya zama ɗaya, goyo ya yi girma.

An daɗe ana gardama a kan wannan, don su biyun ba su yi kama ba. Wani masani Ba'amurke, George Beadle, ya ce 'ya da uwa ne tun 1939. Bayan 1970 ya aurar da su, ya shuka jikokinsu wajen 50,000, ya ƙirga. Sai ya ga abubuwan gado huɗu ko biyar ne manyan da suka raba su.

Dalili na biyu ya fi ban mamaki. Zaɓen nan ya mai da masara ba ta iya rayuwa sai da mutum. Ƙwayoyinta suna manne da totuwa, ɓawo ya lulluɓe su. In goyo ya faɗi ƙasa ya tsira, sai su fito a cunkushe su kashe juna. In ba hannun da zai ɓare ya shuka, ƙarshenta ke nan.

Bayan tafiyar Kolombas ta 1492 ne ta ƙetaro teku. Turawan Fotugal suka kawo ta bakin tekun Afirka ta Yamma, amma sunan da mu ke kiranta da shi yana nuna hanyar Masar. Nan ƙasarmu ta daɗe tana abincin bayan gida, a gasa a ci kafin gero ya nuna. Sai da aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa a 1975, da taimakon Bankin Duniya, aka yaɗa farin iri mai suna TZB daga Ibadan tare da takin zamani, sa'an nan ta shiga manyan gonaki.

To, aikin mutanen Balsas bai ƙare ba, yana hannunku. A ganina mafi yawan hasararmu wajen ajiye iri ta ke, watau a bari sai damina ta kawo kai a ɗebo abin da ya rage a buhu. Ku zaɓi iri tun masara tana tsaye, daga tsakiyar gona, nesa da ta maƙwabci, don iska ce ke aurar da ita. Ku ɗauki goyo cikakke mai rufaffen baki, daga kara lafiyayye. Wanda ya sayi iri mai aure kuwa kada ya ajiye 'ya'yansa, don amfaninsu raguwa ya ke yi; ya sayi sabo kowace shekara.