Rajistar Masu Zaɓe a Ingila da Batun Sirrin Jama'a

A Ingila, ƙananan hukumomi ne ke riƙe da rajistar masu zaɓe, wato kundin da ke ɗauke da suna da adireshin mai kaɗa ƙuri'a. Tun shekarar 2002 kundin ya kasu gida biyu: cikakkiyar rajista, wadda doka ta taƙaita masu amfani da ita, da buɗaɗɗiyar rajista, wadda kowa ke iya saye, har da kamfanonin talla. Abin damuwar shi ne sunan mutum yana shiga ta biyun muddin bai nemi a cire ba, ko da yake cirewar ba ta hana shi zaɓe. Bayanan da aka karɓa domin zaɓe amana ce, bai kamata su zama haja ba.